Takardar shaida ta isa ta tabbatar da asalin dutsen sama?

Tambayar da aka aiko ita ce: “Na fara tara duwatsun da ke faɗowa daga sararin samaniya. Wani dillali ya yi mini tayin ɗan ɓantare da bai wuce kan ashana ba, miligiram 80, ya ce daga dutsen L'Aigle ne, ya haɗa da takardar shaida mai hatiminsa. Kuɗin da ya sa ya fi na wani dutsen hamada mai giram 50 da ba shi da suna. Takardar ta isa hujja? In na kai ɗakin gwaje-gwaje, za su iya tabbatar mini?”

Malam, takardar ita kaɗai ba ta isa ba, ɗakin gwaje-gwajen ma ba zai ba ka amsar da kake nema ba. Ka dakata da biya tukuna. Na daɗe ina duba irin waɗannan duwatsu da takardun da ke biye da su, kuma yawancin asarar da na ga mutane sun tafka a kan dutsen gaske suka tafka ta, wanda aka laƙaba wa sunan da ba nasa ba. Dutsen jabu yana da sauƙin kamawa. Na gaske mai sunan aro shi ne mai wuyar sha'ani.

Abin da dillalin nan yake sayar maka suna ne. L'Aigle gari ne a yankin Normandi na Faransa, inda aka yi ruwan duwatsu kusan 3,000 ranar 26 ga Afrilu, 1803. A lokacin masanan Turai da yawa ba su yarda dutse na faɗowa daga sama ba. Sai da aka tura masanin kimiyya Jean-Baptiste Biot ya bi ƙauyukan yana tambayar waɗanda suka gani da idonsu, ya tattara duwatsun, ya rubuta rahoto, sannan gardamar ta kwanta. Darajar L'Aigle daga wannan tarihin ta fito. In ka ajiye tarihin gefe ka dubi jikin dutsen, kondirait ne na gama-gari, wato dutsen sama mai ƙananan dunƙule a cikinsa, ajin da ake kira L6, wanda yana cikin ajujuwan da suka fi yawa a duk duwatsun sama da ke hannun mutane. An tsinto dubbansu a Sahara da Oman da Antatika. Masanin da ya sa ɓantarenka a na'ura zai auna yawan ƙarfen da ke cikin ma'adinin olibin, ya duba yadda zafi ya shafe iyakokin ƙananan dunƙulen da ke cikin dutsen, ya ce maka dutsen sama ne, L6 ne. In ya tarar tsatsa da gishirin hamada sun ci shi, zai iya ce maka wannan ba dutsen da aka ɗauka jim kaɗan bayan faɗowarsa ba ne, ka ga an kama ƙarya. Amma in daga wani L6 mai tsabta aka ɓantaro shi, masanin ba shi da abin da zai ƙara. Gwajin yana iya ƙaryata dillali, ba ya iya gaskata shi. Ga shi zai cinye wani ɓangare na miligiram 80 ɗin, kuma kuɗinsa na iya fin kuɗin ɓantaren.

Wanda ya taɓa zama gaban malaman hadisi ya san bambancin matani da isnadi. Ɗakin gwaje-gwaje matani yake dubawa. Abin da masu wannan harka ke kira asalin dutse kuwa isnadi ne: wa ya tsince shi, a ina, yaushe, hannun wa ya shiga daga nan, wa ya sa masa zarto, wa ya sayar wa wa, har ya iso tafin hannunka. A kowace gaɓa ana so a san mutumin da ke wurin, a kuma iya komawa a bincika. In gaɓa ɗaya ta yanke, duk abin da ya biyo bayanta zato ne.

Takardar da aka miƙa maka gaɓar ƙarshe ce kawai. Duk mai kwamfuta da na'urar buga takarda zai iya yin irinta, har da hatimi mai sheƙi. Nauyinta daidai yake da gaskiyar wanda ya sa hannu da kuma iyakar saninsa, kuma na biyun ne mutane ke mantawa, domin dillali mai amana ma yana iya sayar da abin da shi aka cuce shi a kansa bai sani ba. Akwai ƙungiyoyin masu tarawa da dillalai, irin su IMCA, da ke ɗora wa membobinsu sharuɗɗan gaskiya, kuma ana iya kai musu ƙara. Hakan yana da amfani. Sai dai ƙungiyar ba ta taɓa riƙe ɓantarenka a hannu ba. In kuma wani ya ce maka Meteoritical Society, wato ƙungiyar masana duwatsun sama ta duniya, ce ta ba yankin da yake sayarwa shaida, ka san ko dai bai fahimci aikinta ba ko yana son ya ruɗe ka.

Ga ainihin aikinta. An kafa ƙungiyar a 1933, kuma kwamitinta na raɗa suna shi ne duniya ta amince da shi. In aka sami sabon dutse, sai a kai samfuri wurin masanin da zai tantance ajinsa, a ajiye wani kaso a cibiyar da aka yarda da ita don masu bincike na gaba. Ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce giram 20 ko kashi 20 cikin ɗari na dutsen, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Daga nan kwamitin ya duba, ya amince da suna, galibi sunan gari ko wani wuri mafi kusa da inda aka same shi, a wallafa a kundin sunayenta, Meteoritical Bulletin. Rumbun bayanan yana intanet kyauta, sunayen da ke ciki sun haura 70,000. Abin da ƙungiyar ta shaida shi ne akwai dutse mai wannan suna, ajinsa kaza, nauyinsa kaza. Ko ɗan yankin da ke cikin akwatin roba a gabanka daga jikinsa ya fito, wannan ba ta sani ba.

Duk da haka rumbun nan shi ne wurin da ya kamata ka fara leƙawa, kuma layin da ya fi amfani a cikinsa shi ne jimillar nauyin da aka sani. Lissafi ne mai sauƙi da ya tona asirin mutane da yawa. A ce dutse giram 100 ne gaba ɗaya. An ajiye 20 a cibiya. Zarto ya ci nasa rabon, domin kowace yanka tana mayar da wani kaso ƙura. In ka zagaya kasuwa ka tarar ana tallan yankunan da jimillarsu ta kai giram 300 da wannan suna, ba ka buƙatar na'ura kafin ka san an cusa baƙo. A wurin L'Aigle, nauyin da aka sani kusan kilo 37 ne, kuma kaso mai yawa yana gidajen tarihi. Abin da ke yawo a hannun 'yan kasuwa kaɗan ne, manyan yankunan kuma masu harkar sun san inda kowanne ya fito.

Yanzu ga abin da ake kira silsila mai ƙarfi. Tsofaffin masu tarawa suna rubuta lamba da fenti a jikin dutse, su shigar da lambar a kundi tare da nauyi. Harvey Nininger, malamin makaranta a Kansas ta Amurka da ya ga wata ƙwallon wuta ta ratsa sama a 1923 ya mayar da neman duwatsun nan aikin rayuwarsa, tsarinsa lamba biyu ne da ɗigo a tsakani: ta farko tana nuna wane dutse ne, ta biyu tana nuna wane yanki ne daga cikinsa. Ya wallafa kundin tarinsa a 1950. Ya sayar da wani kaso ga gidan tarihin Birtaniya a 1958, sauran ya koma Jami'ar Jihar Arizona a 1960. Surukinsa Glenn Huss ya ci gaba da irin wannan tsari da lambobi masu farawa da H, Oscar Monnig na Texas kuma nasa suna farawa da M, tarinsa yana Jami'ar Texas Christian. Dutsen da ke ɗauke da irin wannan lamba yana tsada saboda dalili mai kyau: kana iya buɗe kundin da aka rubuta tun kafin a haifi dillalin, ka ga lambar, ka ga nauyin, ka ɗora dutsen a sikeli ka gwada. Hujja ce da ba ta dogara da bakin mai sayarwa ba. Saboda haka duk wanda ya mallaki irin wannan dutse kada ya kuskura ya goge lambar don dutsen ya yi kyan gani. Wanda ya goge ta ya kankare rabin darajarsa da hannunsa.

Tsohuwar takardar gidan tarihi ma haka take, amma tana da rauni guda: takarda da dutse abu biyu ne, ana iya raba su. An taɓa kawo mini wani yanki tare da takarda da ta yi ja don tsufa, rubutun hannu mai kyau, babu abin zargi a jikinta. Da na ɗora yankin a sikeli sai ya fi abin da takardar ta faɗa da kusan giram uku. Dutse yana raguwa, a yanke shi, a goge shi, ya ɓantare, amma ba ya girma a cikin akwati. Takardar ta gaskiya ce, yankin ma dutsen sama ne na gaskiya, sai dai ba tare aka haife su ba. Mai shi bai san komai ba, haka ya saya, kuma na ji masa ciwo ƙwarai. Abin da ya fi wannan yawa a kasuwar ɓarɓashi shi ne hoton takarda. Mutum ya mallaki giram biyu masu takarda ta gaskiya, ya farfasa, ya riƙa ba kowane mai saye kwafi. Wannan halal ne muddin ɓarɓashin daga giram biyun suke. Amma kwafi ba ya ƙarewa, giram biyu kuwa suna ƙarewa.

Akwai kuma wani gefen. Gidajen tarihi suna musayar duwatsu da dillalai, tsohuwar al'ada ce a harkar, kuma ta nan ne yawancin duwatsun tarihi suka shigo kasuwa. Irin wannan musaya tana barin takarda a ɓangarorin biyu. Dutse mai lambar gidan tarihi wanda babu shaidar fitarsa, ka tuntuɓi mai kula da tarin kafin ka saya, domin an sha sace duwatsu daga jami'o'i da gidajen tarihi, kuma kayan sata ba ya zama naka don ka biya kuɗi. Masu kula da tari galibi suna amsa irin wannan wasiƙa da farin ciki.

Bari mu koma kan ɗayan dutsen, na hamada mai giram 50, domin ina ganin ka raina shi. Tun ƙarshen shekarun 1990 Sahara ta sauya wannan kasuwa gaba ɗaya. Makiyaya da masu nema suna tsintar duwatsu, su sayar wa ɗan kasuwa na kusa, shi ma ya sayar wa na gaba, kayan su ƙetara iyaka ɗaya ko biyu, su taru a garuruwan kudu maso gabashin Maroko kamar Erfoud da Rissani, daga can su wuce bajekolin Tucson a Amurka ko na Munich a Jamus ko na Ensisheim a Faransa. Kafin su isa, an gauraya buhu da buhu. Wanda ya tsinta ma ba ya son faɗin wurin, tunda in ya faɗa gobe zai tarar da wasu a can, kuma ban ga laifinsa ba. Da kwamitin raɗa suna ya rasa garin da zai jingina su gare shi, sai ya koma ba su haruffan NWA, wato arewa maso yammacin Afirka, da lamba. Wanda aka rasa ko yankin da ya fito, ko aka yi shakkar labarin da aka bayar a kansa, akwai sunan Nova da aka tanadar masa.

Wannan tsari ya haifi matsalar 'yan uwantaka. Dutse ɗaya ne ya fashe a sama ya warwatsu, mutum goma suka tsinci ɓantarorinsa, suka bi ta hannun dillalai biyar, kowane dillali ya kai nasa gwaji aka ba shi lamba daban. Sai ya zama faɗowa ɗaya tana da sunaye biyar. Masana na iya gwadawa su ce wannan ɗan'uwan wancan ne. Ɓarnar tana zuwa ne in dillali ya yi wa kansa wannan hukunci da ido: ya ga nasa ya yi kama da wata lamba mai tsada, sai ya ari lambar, ya huta da kuɗin gwaji da ba da samfuri da jiran watanni. Kama da wane ba ta wane. Lambar NWA ta duwatsun da aka gabatar wa kwamiti ce kaɗai, ba ta duk mai kama da su ba. NWA 869, wanda aka samu tan-tan nasa tun daga 2000, ya zama kamar rumfar da kowa ke fakewa a ƙarƙashinta. A wurinsa asarar kaɗan ce tunda mai araha ne. In aka yi haka da dutsen wata ko na duniyar Mars, inda ake ciniki da giram, asarar babba ce.

Ban faɗi wannan don in ɓata duwatsun Sahara ba. Ilimi ya amfana da su matuƙa. NWA 7034, baƙin dutsen Mars mai kimanin giram 320 da aka samu a 2011, ta kasuwar Maroko ya bi kafin ya isa Jami'ar New Mexico, kuma ya zama ɗaya daga cikin duwatsun da aka fi nazari. Dillalin da ya ce maka “wannan dutsen hamada ne, ba a tantance shi ba, ban san inda aka tsince shi ba,” ya ba ka cikakken asali gwargwadon abin da ya sani, kuma ya sa kuɗi daidai da haka. Irin wannan ciniki ya fi tsabta a kan babban suna marar silsila.

Abin da aka rasa in wurin tsintuwa ya ɓata, misali ɗaya ya isa ya nuna shi. Ranar 7 ga Oktoba, 2008, wani ƙaramin dutse da masu hangen sama suka gano tun yana sarari, suka sa masa 2008 TC3, ya fashe a saman hamadar Nubiya a arewacin Sudan. Muawia Shaddad na Jami'ar Khartoum da masanin taurari Peter Jenniskens suka jagoranci ɗalibai suka jeru suna taka hamada, duk ɓantaren da aka gani a rubuta daidai inda yake kafin a ɗauka. Aka kira shi Almahata Sitta, da sunan tashar jirgin ƙasa ta shida da ke kusa. Da aka zo nazari sai aka tarar ɓantarorin ba aji ɗaya ba ne: yawancinsu nau'in da ake kira yurelait ne, amma akwai kondirait iri-iri a tsakaninsu. Da ta buhun 'yan kasuwa suka bi, da kowanne ya sami lambarsa, kuma da babu wanda zai san cewa wannan dutse ɗaya da ya taho daga sarari tarkacen duwatsu daban-daban ne da suka manne. Rubuta wurin ne ya ba da wannan ilimi.

Asali kuma ya haɗa da abin da aka yi wa dutse a hanya. Na Tagish Lake da ya faɗo kan daskararren tafki a Kanada a Janairun 2000, mutumin da ya fara tsintarsa bai taɓa shi da hannu ba, ya kuma ajiye shi a daskare, shi ya sa ɓantarorin farko suka fi na baya daraja a wurin masu binciken sinadaran rayuwa. Na Winchcombe a Ingila, da ya faɗo ranar 28 ga Fabrairu, 2021, an kwashe na farko cikin kimanin sa'o'i 12, kafin ruwan sama ya taɓa shi. Sai maganar maganaɗisu, wadda take damuna ƙwarai, domin shi ne gwajin farko da kowa ke yi. Wani bincike da masana na jami'ar MIT ta Amurka da na Faransa suka fitar a 2023 ya nuna cewa manna wa dutse maganaɗisu mai ƙarfi yana goge tarihin maganaɗisun da ya adana na biliyoyin shekaru. Sun duba 'yan uwan NWA 7034 suka tarar an riga an goge nasu. In ka san an wanke dutse da asid, ko an shafa masa mai, ko an cike tsagarsa da gam, ko an manna masa maganaɗisu, rubuta wannan ma yana cikin amana.

Jabu na gaske ma yana nan. A farkon shekarun 2000 aka shigo kasuwa da wani palasait, wato ƙarfe mai ɗauke da ƙwayoyin olibin, aka ce masu nutso ne suka ciro shi daga madatsar ruwan Shirokovsky a Rasha, inda aka ga ƙwallon wuta ta faɗa a 1956. Labarin ya zauna daram, akwai rana, akwai wuri, akwai shaidun faɗowar. Mutane suka saya. Da masana suka auna sinadaransa sai ya bayyana a tanderu aka haɗa shi. Akwai wanda ya fi wannan tsufa: wani yanki na dutsen Orgueil, da ya faɗo a Faransa a 1864, ya yi kusan shekara ɗari a rufe cikin kwalba a gidan tarihin Montauban, sai a shekarun 1960 aka gano wani ya cusa masa irin tsiro da gawayi ya shafe da gam tun wancan zamani. Ka ga a nan silsilar ba ta da aibi, dutsen ne aka taɓa. Shi ya sa ba na yarda a ce takarda ta wadatar da gwaji, kamar yadda gwaji bai wadatar da takarda ba. A duwatsun ƙarfe kuma sauya suna ya zama ruwan dare. Gibeon na Namibiya da Muonionalusta na Suwidin rukuni ɗaya ne, zanen da asid ke fitarwa a fuskarsu ya yi kama sosai, kuma tunda Gibeon ya yi wuya ya yi tsada, ana sayar da na biyun da sunan na farko, musamman a zobba da fuskar agogo. A nan kam gwaji yana taimakawa, domin ana auna sinadaran nikel da galiyam da jamaniyam da iridiyam a bambance ƙarfe da ƙarfe fiye da yadda ake bambance L6 da L6.

Saura tambayar da ba ka yi ba, wadda ita ce ta fi nauyi in dutse ya yi tsada: wanda ya sayar yana da ikon sayarwa? Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka dutse na mai fili ne. Kotun ƙolin jihar Iowa ta yanke haka a 1892. Mutumin da ya gano dutsen Willamette a Oregon a 1902, ƙarfe mai kimanin tan 15, ya shafe watanni yana jansa zuwa gonarsa daga filin wani kamfanin ƙarfe, kotu ta mayar wa kamfanin a 1905. Dutsen ya ƙare a gidan tarihin halittu na New York, kuma a 2000 gidan ya ƙulla yarjejeniya da ƙabilun Grand Ronde, 'yan asalin yankin, waɗanda kakanninsu ke girmama shi tun kafin zuwan Turawa. A Yammacin Ostireliya dutsen sama na hukuma ne. Kanada tana neman izinin fitarwa. Namibiya ta hana fitar da nata. Ajantina ta sa su cikin kayan gadon ƙasa a 2007, saboda haka dutsen ƙarfenta na Campo del Cielo da ya fita bayan wannan shekara ba tare da izini ba yana da tambaya a kansa, ko da yake kasuwa cike take da shi. A Oman an kama wasu Amurkawa biyu masu neman duwatsu a 2011, suka yi watanni a tsare. Na Antatika kuwa, da Japanawa suka fara tarawa a 1969, Amurkawa suka bi a 1976, na bincike ne, kusan babu halastacciyar hanyar da za su shigo kasuwa.

Misali mafi kusa shi ne NWA 16788, dutsen Mars mafi girma da aka sani a doron ƙasa, kilo 24 da ɗoriya. An same shi a yankin Agadez na Nijar a Nuwamban 2023, aka baje shi a Italiya, sannan kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonsa a New York ranar 16 ga Yuli, 2025, a kan kimanin dala miliyan 5.3. Ba a bayyana mai sayarwa ba, ba a bayyana mai saye ba. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu, kamfanin kuma ya ce an bi duk ƙa'idojin da suka dace. Babu wanda ya yi shakkar daga Mars yake. Gwaji ya gama da wannan. Rigimar duk a kan gaɓoɓin farko na silsilar take. Ra'ayina shi ne izinin fitarwa daga ƙasar da aka tsinci dutse ya kamata ya zama takarda ta farko a cikin fayil, kuma mai saye da ya tambaye ta yana taimakon mai tsintuwa ma, wanda galibi shi ne ke samun kaso mafi ƙanƙanta a duk cinikin.

To, ga abin da za ka yi da dillalinka. Ka tambaye shi daga wane yanki aka ɓantaro naka, nawa ne nauyin wancan yankin, a hannun wa ya saya kuma a wace shekara. Ka nemi hoton uwar yankin kafin a farfasa ta, da lambarta ko tsohuwar takardarta a gefe, yadda za ka iya gwada launi da yanayin jikinta da naka. Ka tambayi wa ya farfasa. In ya ambaci gidan tarihi ko wani sanannen tari, ka rubuta musu. Dillalin kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, yawancinsu ma suna alfahari da fayil ɗinsu. Yana iya ɓoye nawa ya saya, wannan haƙƙinsa ne. In ya ce ba zai faɗi sunan wanda ya sayar masa ba saboda sirrin kasuwa, ka nemi ya nuna takardun ga wani masani da ku biyu kuka yarda da shi. In amsar ta tsaya a “daga wani tsohon tari a Turai,” babu suna babu shekara, to cinikin biri a sama ne, kuma abin da ke gabanka ɗan ɓantaren L6 ne marar suna, kuɗinsa kuma kuɗin wannan ne. Ka nemi a rubuta a rasit cewa za a mayar maka da kuɗinka in asalin ya tashi ba haka ba.

In ka saya, kai ne gaɓa ta gaba. Ka auna shi a sikelin da ke karanta miligiram, ka ɗauki hotonsa ta kowane gefe da ma'aunin santimita a kusa, ka ba shi lambarka, ka rubuta ranar saye da sunan mai sayarwa, ka haɗa rasit da saƙonnin da kuka yi musaya da duk tsofaffin takardun da ya zo da su, ko da sun yage. Kwafi ɗaya a takarda tare da dutsen, ɗaya a kwamfuta. Kuma da ɓarɓashi irin wannan, kada ka taɓa buɗe akwati biyu a lokaci ɗaya a kan tebur ɗaya, domin in ɓantaren L'Aigle da na wani L6 suka gauraya, babu masanin da zai iya raba maka su.